Ciwon Wuya da Kafaɗata Ya Dawo Bayan Tiyata

Assalamu alaikum. Ni haifaffiyar Sakkwato ce, a nan na tashi, a nan na yi aure, kuma kitso ne sana'ata tun ina budurwa. Wurin kakata na gaje shi. Da shi na yi wa kaina kayan ɗaki, da shi nake taimaka wa maigida a kan hidimar yara. Abin da ya sa na ga ya dace in ba da labarina shi ne, matan da ke shigowa gidana in sun ga tabon da ke gindin wuyana sai sun tambaya. In na ba su labari, da wuya a rasa wadda za ta ce ita ma haka hannunta ke yi mata, ko ta ce an yi wa wata 'yar'uwarta aiki, ciwon ya dawo, ta haƙura ta zauna a ɗaki. Wannan zama a ɗakin shi ya fi taɓa ni, don na san abin da ke cikinsa.

Abin ya faro ne wajen 2015, bayan haihuwata ta uku. Da farko nauyi ne kawai a wuya da kafaɗar dama, irin wanda kowace mai kitso ta sani. Mai kitso kan wuni bisa kujera, kai a sunkuye, hannuwa a ɗage, ba ta sauke su sai in za ta ɗebo mai ko ta ɗauki mataji. To wa zai damu da ciwon kafaɗa? Daga baya ciwon ya riƙa gangarowa ta cikin dantse, ya bi ta gwiwar hannu, ya sauka a ƙaramin yatsa da wanda ke kusa da shi. Yatsun biyu su mutu, su riƙa tsikari. Da dare in na kwanta, musamman in na ɗora hannun a saman kai, sai in farka in ji babu shi, sai na yi ta yarfewa kafin ya dawo. Shanya ta gagare ni. Ɗaura ɗankwali ma sai na huta a tsakani.

Ranar da na tsorata ita ce ranar da nake yi wa wata amarya shuku. Na kama kibiya zan tsaga, sai kawai na ga ta a ƙasa, ban ji lokacin da ta fita daga hannuna ba. Na ɗauka, ta sake faɗuwa. Ƙawayen amarya suna ta hira da shewa, ba wadda ta lura, ni kuwa ina kallon tafin hannuna. A nan na ga tudun naman da ke gindin babban yatsa ya lotsa, bai kai na hagu ba. Da ƙyar na ƙarasa kitson, layin bai fita yadda nake so ba, kuma amaryar ba ta ce komai ba, Allah ya saka mata.

Innata ta ce sanyi ne. An kawo saiwoyi na sha, an shafa man zafi, wanzami ya yi mini ƙaho a bayan kafaɗa, malamai sun yi tofi da rubutu. Ba na raina ko ɗaya, duk da ƙauna aka yi mini su, addu'a kuwa har yau ita ce jarina. Sai dai hannun bai daina ramewa ba. A kemis kuma kowa da irin ƙwayar da zai miƙo maka, ta kwantar da zogi na 'yan sa'o'i ta bar maka ciwon ciki.

Likitan da ya fara gano bakin zaren bai yi amfani da wata na'ura ba tukuna. Cewa ya yi in ɗaga hannuwana biyu, gwiwoyin hannu daidai kafaɗa, in riƙa buɗe tafi ina dunƙulewa har minti uku. Ko minti ɗaya ban kai ba na dama ya yi nauyi, yatsun suka mutu, ya faɗo da kansa. Ya danna wani wuri a gindin wuyana, can saman ƙashin da ya ratsa daga wuya zuwa kafaɗa, na ji abu ya tsarga har yatsa. Sai ya tura ni hoton ƙashi. Da hoton ya fito ya ɗaga shi a haske ya nuna mini, ya ce, "Hajiya, kin ga wannan? Haƙarƙari ne na ƙari, da shi aka haife ki."

Ga yadda ya yi mini bayani, kuma na riƙe shi don na sha maimaita wa mutane. Ɗan Adam na da haƙarƙari goma sha biyu a kowane ɓangare, da ƙasusuwa bakwai a wuya. Wasu mutane, da ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, ana haihuwarsu da wani ɗan haƙarƙari da ya tsiro daga ƙashin wuya na bakwai. Mafi yawansu har su koma ga Allah ba su san da shi ba. Jijiyoyin da ke ba hannu ji da motsi kuwa daga laka suke fitowa, saiwa biyar, su haɗu su sarƙe, su bi ta wani ɗan lungu a gindin wuya, tsakanin tsokoki biyu, bisa haƙarƙarin farko, ƙarƙashin ƙashin kafaɗa, wato wanda ya ratsa daga wuya zuwa kafaɗa. Babbar jijiyar jinin hannu ma ta nan take bi. Wurin dama a matse yake. In aka samu ƙarin ƙashi, ko tsokar ta yi tauri saboda rauni ko yawan aiki hannu a sama, sai jijiyoyin su shaƙe. Waɗanda ke ƙasa su ne suka fi shan matsi, su ne kuma ke zuwa ƙaramin yatsa da ƙananan tsokokin tafin hannu. A takarda TOS suke rubuta sunan ciwon a taƙaice da Turanci, wato matsewar jijiyoyi a wannan lungu na gindin wuya. Ya ce an fi ganinsa a mata, daga 'yan shekara ashirin zuwa hamsin, kuma fiye da kashi casa'in cikin ɗari na masu shi jijiyar ji da motsi ce ke matsewa, ba ta jini ba.

Da yawa daga masu wannan ciwo gashin ƙashi, wato motsa jiki da ake koyarwa a asibiti, da gyaran zama kan wadatar da su. Ni da yake tsoka ta fara zubewa, aka ce sai tiyata. A 2018 aka yi mini aikin farko, a wani asibiti a wani gari inda yayana ke zaune. Ta hammata aka shiga, hanyar da wani likitan Amurka mai suna David Roos ya fito da ita a 1966, aka yanke haƙarƙarin farko da abin da aka iya kaiwa na ƙarin ƙashin. Kuma gaskiya na ji daɗi. Zogi ya kwanta, barci ya dawo, na riƙa shanya da kaina. Da ciwon yankan ya warke aka sallame ni, aka ce in je in ci gaba da harkokina. Ba wanda ya haɗa ni da masu gashi, ba wanda ya ce ga yadda zan riƙa motsa wuya da kafaɗa. Na koma kujerata, mata suka dawo, sallar shekarar da ta biyo baya sai da na riƙa kaiwa tsakar dare ina kitso.

A shekarar korona ciwon ya fara leƙowa. Da farko na ce gajiya ce. Sai ga tsikarin nan a ƙaramin yatsa, wanda ko a mafarki na san shi. Wannan karon har ya zo da sabon salo: ƙuna a gindin wuya, ciwon kai ta ƙeya, da wani ja da nake ji in na juya kai hagu.

Ciwo na biyu ya fi na farko nauyi, kuma ba a jiki kaɗai ba. A karon farko kowa na tausaya maka, ana zuwa dubiya, ana kawo gudummawa. In ya dawo bayan an kashe kuɗi, sai maganganu su canza. Surukata, mace ce mai kirki ƙwarai, amma da ta ji sai ta ce, "Ba mu hwaɗi ba? Wanga ciwo ba na asibiti ba ne." Wasu suka ce hannu aka sa mini saboda kasuwata ta buɗe. Wata maƙwabciya ta ce likitoci ba sa faɗin gaskiya, in sun yanka mutum sau ɗaya sun mai da shi abin yanka. Ni kuma ina tuna 'yan kunnena na zinari da aka sayar, da rancen da yayana ya ci, sai in ji bakina ya yi nauyi. Ta yaya zan sake cewa a kai ni asibiti? Na riƙa rage masu zuwa, in ce yau ina da uzuri. Na koyi cin tuwo a hankali don kada a ga hannun na rawa. Har wata ta kawo mini tramadol a ƙulle cikin leda, ta ce shi ke riƙe da ita. Na mayar mata, don na ga abin da ya yi wa yaran unguwa.

Maigida ne ya katse zancen. Wata asuba ya same ni zaune ina riƙe da hannun ina hawaye, ya tsaya ya dube ni, ya ce, "Ke, tashi ki shirya. Mu tai mu ji abin da za su ce. Jin magana ba shi ne yanka ba." Muka nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, inda ake da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wadda har daga Kebbi da Zamfara da Jamhuriyar Nijar ake zuwa.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne ba su yi mamaki ba. Na shiga a takure, ina jiran a ce na yi wani laifi ko a ce ciwon a raina yake. Likitan ya karanta takarduna na baya, ya duba tabon hammata, ya ce dawowar wannan ciwo bayan tiyata abu ne sananne, yana faruwa ko a hannun ƙwararru, kuma yawanci yana da dalilin da ake iya gani. Amma ya ce ba zai yi gaggawar cewa tsohon ciwon ne ba. Faifan da ke tsakanin ƙasusuwan wuya kan iya ɓullowa ya danne jijiya, jijiya kan matse a gwiwar hannu ko a wuyan hannu, ciwon gaɓar kafaɗa ma kan yi kama da shi. Sai an kore waɗannan duka. Aka yi mini hoton MRI na wuya, aka yi wani hoton da ake kira CT, aka kuma tura ni gwajin jijiya, wanda ake manna wayoyi a fata ana sakin wuta kaɗan-kaɗan, a soka siririyar allura a tsoka a ga ko saƙo na isa. Ba daɗi, amma ana iya jurewa.

Sakamako ya nuna faifan wuyana lafiya lau. Abin da aka gani shi ne guntun haƙarƙari da ya rage ta baya, kusa da ƙashin baya, inda ke da wuyar kaiwa ta hammata, da ragowar ƙarin ƙashin nan. Tsokokin da aka saki a aikin farko sun sake mannewa a kan guntun. Sannan ga tabo. Ashe yadda fata ke yin tabo a waje, haka nama ke yi a ciki, kuma tabon ciki kan naɗe jijiya ya ɗaure ta, ta kasa zamewa in mutum ya motsa hannu. Da yake likitan ya san sana'ata, sai ya ce in ɗauka gashi ne da ya daɗe ba a tsefe ba har ya cukurkuɗe, aikinsa shi ne ya zauna ya tsefe shi sili-sili ba tare da ya tsinka ko ɗaya ba. Nan take na gane, na kuma gane dalilin da ya sa ya ce aiki na biyu ya fi na farko wuya da ɗaukar lokaci.

Duk da haka bai sa mini rana ba. Watanni na yi ina zuwa gashi, ina shan maganin zogin jijiya da ya rubuta, don a ga ko za a tsira ba yanka. Wuyan ya ɗan saki, amma ƙarfin yatsun sai raguwa yake. Daga nan ya kira mu ni da maigida, ya zaunar da mu ya faɗi komai ba ɓoye-ɓoye. Ya ce ta saman ƙashin kafaɗa zai shiga wannan karon, don ta nan ake ganin jijiyoyin sosai. Ya ce akwai jijiyar da ke motsa tantanin numfashi, a kan ɗaya daga tsokokin da za a cire take kwance, in ta bugu mutum kan yi haki na wani lokaci. Ya ce rufin huhu na nan kusa, yana iya hujewa iska ta shiga, sai an sa roba a ƙirji. Ga babbar jijiyar jini. Ga yiwuwar hannun ya ƙara rauni maimakon ya samu sauƙi. Kuma ya ce abin da yake sa rai shi ne zogi ya ragu, lalacewa ta tsaya, amma naman da ya riga ya zube a gindin babban yatsa kada in sa ran zai cika kamar da. Ban taɓa jin daɗin magana mai ɗaci irin wannan ba, don a aikin farko ban san ana iya tambaya ba ma, balle a amsa.

Na yi istihara. Na je na sami Inna, na zayyana mata duk abin da likita ya ce. Ta yi shiru, can ta ce, "Ɗiyata, wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani. Tai, Allah shi ba da sa'a." Surukata ma da ta ga hoton da idonta, ta ga guntun ƙashin, sai ta sauko, har ita ce ta riƙe mini yara.

Aikin ya faɗo a farkon 2023, daidai lokacin da aka canza takardun naira, tsabar kuɗi ta ɓace a gari. Kuɗin adashina da na tumakin da muka sayar suna cikin asusu, amma fitar da su ya zama aiki. Maigida ya yi ta bin layin banki da masu POS, tura kuɗi ta waya sai ya maƙale. 'Yan'uwa biyu suka ba da jini aka ajiye ko da za a buƙata. Ba zan manta da matan da nake yi wa kitso ba, waɗanda suka haɗa abin da ya sawwaƙa suka aiko, wata har da kwanon fura.

Abin da na iya tunawa a ɗakin tiyata kaɗan ne: sanyin wurin, likitan sa barci yana ce mini in ja numfashi, ni kuma ina maimaita Hasbunallahu wa ni'imal wakil. Da na farfaɗo akwai bandeji a gindin wuyana da 'yar siririyar roba da ke fitar da ruwa. Kafin a tambaye ni komai aka ce in motsa yatsu, in dunƙule, in ɗaga hannu. Suka motsa. Aka yi hoton ƙirji aka tabbatar huhu lafiya. Washegari likita ya zo zagaye ya ce sun cire ragowar tsokokin, sun cire guntun haƙarƙarin da na ƙarin ƙashin, sun 'yantar da jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya, kuma tabon da suka tarar ya fi abin da hoto ya nuna. Fatar da ke ƙasan yankan ta mutu, in na taɓa ba na ji sosai. Ya ce ƙananan jijiyoyin fata ne da dole a janye su a hanya, yawanci suna farfaɗowa a hankali.

Bambancin wannan karo da na farko shi ne tun ina kan gado mai gashi ta zo. Wata matashiya ce mai haƙuri. Ta ce mini, "Mama, tabo zai sake fitowa, wannan dole ne, haka jiki ke warkewa. Abin da muke so shi ne ya fito jijiya na motsi, kada ya same ta a tsaye ya kama ta." Ta koya mini yadda zan miƙa hannu gefe, in buɗe tafi, in karkatar da kai a hankali, in dawo, ba tare da na kai inda zai yi zogi ba. Ta koya mini jan numfashi da ciki maimakon ɗaga kafaɗu, don ashe tsokokin wuya ma suna aiki in mutum na numfashi da ƙirji. Ta sa ni tsayawa jikin bango ina tafiya da yatsu sama kaɗan-kaɗan, muna sa alama da alli inda na kai. Ta hana ni ɗaukar bokiti, da goyo, da rataya jaka a kafaɗar, da ɗora kaya a kai. A zafin Afrilu na Sakkwato, ga azumi a baki, tafiya asibiti a Keke Napep ba ƙaramin abu ba ne, kowane rami sai na ji shi a wuyana. Amma na riƙe. Sallar shekarar ban taɓa kan kowa ba, ina zaune ina kallon mata na wucewa gidan wasu.

Sauƙin bai zo a rana ɗaya ba. Ƙunar wuya da ciwon ƙeya su suka fara tafiya. Tsikarin yatsu ya daɗe, har wani lokaci ya riƙa ƙaruwa, na koma a tsorace. Likita ya ce jijiyar da ta daɗe a matse ba ta farfaɗowa da sauri, inda ta lalace tana tsirowa ne kusan inci ɗaya a wata, kuma daga wuya zuwa yatsa tafiya ce mai nisa. Haka kuwa aka yi. Sannu a hankali na fara jin zare a tsakanin yatsuna, na fara sa maɓalli, na riƙe cokali ba ya karkacewa.

Yau alhamdu lillahi ina barci har asuba, ina ɗaga hannu in yi kabbara ba tare da na cije ba. Gindin babban yatsana bai cika ba, kamar yadda aka faɗa mini, kuma lokacin hunturu ƙaramin yatsa kan yi sanyi fiye da sauran. Kitso na koma, amma na canza tsari. Na sa kafinta ya yi mini kujera mai tsayi da wurin jingina, wadda ake yi wa kitso ta zauna ƙasa sosai yadda gwiwar hannuna ba za ta tashi sama ba. Ina tsagawa in fara layi, yaran da nake koya wa su ƙarasa. Ƙananan kitso masu cin wuni na bar musu gaba ɗaya. In na gama kai ɗaya sai na tashi na miƙe, na yi motsin da aka koya mini, ko da mai jira za ta yi ƙorafi.

Matan da ke ce mini hannunsu na mutuwa, ba na ce musu ciwonmu ɗaya, don na ga yawan abubuwan da likita ya kore kafin ya tsaya a kan nawa. Abin da nake ce musu shi ne su je a duba, su tafi da duk takardunsu da hotunansu na baya, su faɗi irin aikin da suke yi da hannun. Wadda kuma aka taɓa yi wa aiki ciwon ya dawo, nakan ce ta tambayi likita kai tsaye ko akwai ƙashin da ya rage, ko tabo ne, ko wani wuri ne daban ya matse, kuma kafin a sallame ta ta nemi a haɗa ta da masu gashi. In ta ga hannu ya kumbura ya yi shuɗi, ko ya yi fari ya yi sanyi, wannan jijiyar jini ce, ba a kwana da shi a gida.

Hoton CT ɗin ya nuna ina da irin wannan ƙarin haƙarƙari a ɓangaren hagu ma, ƙarami. Na tambayi likita ko shi ma cire shi za a yi. Ya ce a'a, ƙashin da bai dami kowa ba ba a taɓa shi, in dai riƙa zuwa ana dubawa, in kuma na ji yatsun hagu sun fara tsikari in zo da wuri.